Levi Strauss: Kakan da Bai Haihu Ba

Ranar 26 ga Satumba, 1902, Levi Strauss ya rasu a birnin San Francisco yana da shekara 73 a duniya. Bai taɓa yin aure ba, bai bar ɗa ko jika ba. Ya bar dukiyar da aka ƙiyasta a wajen dala miliyan 6, wadda a kuɗin wancan zamani ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya koma hannun 'ya'yan yayarsa Fanny su huɗu: Jacob, Sigmund, Louis da Abraham Stern. Duk da haka, yau a Kalifoniya akwai zuri'a mai yawa da ke ɗaukarsa a matsayin tushenta, kuma har yanzu ita ce mai rinjayen ƙuri'a a kamfanin.

Yawancinmu sunan kawai muka sani, a jikin 'yar fatar da ke bayan wandon jins. Labarin da ya fi yawo kuma na mutum guda ne mai wayo, wanda ya sauka garin zinare da tamfol ya ɗinka wa mahaƙa wando. Abin da ya ja hankalina ga lamarinsa daban ne. Idan aka bi takardun da suka tsira, abin da ake gani gida ne guda na Yahudawan karkara da doka ta hana sakat a ƙasar haihuwarsu, suka tashi kashi-kashi, wa ya jawo ƙane, ƙane ya jawo suruki, har suka kafu a wata nahiya. Levi shi ne autan gidan, kuma ba a gane yadda ya zama abin da ya zama sai an fara da waɗanda suka riga shi fita.

Maza huɗu, lamba ɗaya

Buttenheim ƙaramin gari ne a yankin Franconia na arewacin Bavariya, a ƙasar Jamus ta yau, kudu kaɗan da birnin Bamberg. A nan aka haifi Löb Strauss ranar 26 ga Fabrairu, 1829. Mahaifinsa, Hirsch Strauss, ɗan koli ne, yana ɗaukar yadi da kayan ɗinki yana bin ƙauyuka yana sayarwa. Matarsa ta fari ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyar. Ya auri Rebecca, ta haifa masa biyu: Vögele, wadda daga baya aka sani da Fanny, sai Löb. Fanny kaɗai ce shaƙiƙiyarsa, sauran duk 'yan uba ne, kuma wannan kusancin na ciki ɗaya zai yi tasiri a gaba.

Rayuwar gidan gaba ɗaya tana ƙarƙashin wata doka da masarautar Bavariya ta fitar a watan Yuni na 1813, zamanin Sarki Maximilian na Farko. A fuska, dokar ta zo da sassauci. Ta yarda Bayahude ya mallaki gonar da zai noma, ya koyi sana'ar hannu, ya kai 'ya'yansa makaranta, ta kuma tilasta wa kowane gida ya zaɓi sunan iyali tsayayye. Amma a cikinta akwai sashen da ya cinye duk wannan alheri. Kowane gari an buɗe masa littafin rajista, ana kiransa Matrikel, aka ba kowane magidancin Bayahude lamba. Dokar ta ce adadin gidajen Yahudawa a gari ba zai ƙaru ba, inda ma aka ga sun yi yawa a riƙa rage su sannu a hankali. Wanda ba shi da lamba ba shi da izinin kafa gida, ba shi da izinin yin aure a garin. Lamba kuwa ba ta samuwa sai mai ita ya mutu ko ya bar gari, kuma galibi babban ɗa ne ke gadonta.

A duba gidan Hirsch da wannan ma'auni. Maza huɗu ne: Jacob, Jonas, Louis da Löb. Lamba ɗaya ce. Ko da an yi sa'a ɗaya ya gaje ta, ukun sai dai su tsufa a gwauranci a ɗakin wani, ko su jira mutuwar wani magidanci da bai bar magaji ba. 'Yan matan su ma abin ya shafe su, domin samarin da za su aure su suna cikin wannan ƙangi. Ƙari a kan haka, dokar ta tsananta wa sana'ar koli, ta hana sabbin shiga, alhali da ita Yahudawan karkara da yawa ke ci. Ga kuma tsoro: a 1819, shekara goma kafin haihuwar Löb, tarzomar ƙin jinin Yahudawa ta ɓarke a Würzburg ta bazu zuwa Bamberg da wasu garuruwa, aka farfasa gidaje da kantuna.

A ganina wannan doka ta fi korar fili mugunta ta wata fuska. Ba ta ce wa kowa ya fita ba. Ta bar mutum ya zauna, ya biya haraji, ya girma, sannan ta hana shi abin da kowane baligi ke buri, wato ya ajiye iyali. Matasa suka gane karatun, suka riƙa sulalewa zuwa Amurka dubu-dubu. Daga wannan yanki na Franconia Henry Lehman ya fita a 1844, Marcus Goldman ya fita a 1848, waɗanda sunayensu suka zama na manyan bankuna daga baya. Sai dai kada waɗannan sunaye su ruɗe mu. Mafi yawan waɗanda suka fita sun rayu sun mutu suna 'yan koli, teloli da masu ƙananan kantuna a garuruwan da ba wanda ya san su. Ba a soke sashen rajistar ba sai 1861, lokacin da ƙauyuka da yawa sun riga sun rasa samarinsu.

Jonas da Louis ne suka share hanya, suka sauka New York suka shiga cinikin yadi da kayan sawa. A 1846 tarin fuka ya kashe Hirsch. Rebecca ta wayi gari ba miji, ba mai kawo cefane, ga 'ya'ya da suka isa aure. A 1847 ta nemi izinin barin ƙasa, domin fitar ma sai da izinin hukuma, sai mutum ya nuna ba a bin sa bashi kuma yana da kuɗin hanya. Ba da jimawa ba ta kama hanya da Löb da 'yan mata biyu. Yaron bai cika shekara ashirin ba, kuma ba shi da wata sana'a a hannu.

Daga New York zuwa garin zinare

A New York ya shiga ƙarƙashin yayyensa a kamfaninsu, J. Strauss Brother & Co., ya koyi Turanci da kan ciniki. A ƙidayar 1850 sunansa ya riga ya koma Levi. Fanny ta auri David Stern, shi ma Bayahude ɗan ƙaura daga Jamus. A watan Janairu na 1853 Levi ya zama ɗan ƙasar Amurka, abin da Bavariya ba ta taɓa ba mahaifinsa cikakke ba har ya mutu.

A lokacin hankalin duniya yana Kalifoniya. An gano zinare a farkon 1848, San Francisco kuwa ta tashi daga ƙauye mai mutum wajen 1,000 ta kai wajen 25,000 cikin shekara biyu. Duk waɗannan mutane suna buƙatar riga, bargo, wando da hankici, kuma kusan komai daga gabas ake kawo shi. Gidan Strauss ya yanke shawarar buɗe reshe a can, aka tura auta. Ya bi jirgin ruwa zuwa Panama, ya tsallaka siririyar ƙasar, ya sake hawa wani jirgin, ya isa San Francisco a watan Maris na 1853. David Stern da Fanny su ma suka koma can, Levi ya zauna tare da iyalinsu. Haka ya rayu har ƙarshen ransa, a cikin gidan Stern, 'ya'yan yayarsa suna tasowa a gabansa.

Sana'arsa sari ce. Yayyensa su sayi kaya a New York su loda wa jirgi, shi ya karɓa a tashar ruwa ya raba wa masu kantuna a garuruwan haƙar ma'adinai, sau da yawa a kan bashi, kuɗi su dawo ya aika gabas. A yi tunanin abin da wannan ke nufi a zamanin da babu layin dogo tsakanin gaɓar gabas da ta yamma sai 1869, babu wayar tangarahu sai 1861. Kayan da suka zagaya ta ƙarshen Kudancin Amurka sukan yi watanni a teku. Wasiƙa takan ɗauki makonni. Wanda ke New York ba shi da hanyar sanin ko na San Francisco ya faɗi gaskiyar farashin da ya sayar. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa zaunar da ƙanensa a Legas don karɓar kaya ya san dalilin da ya sa ba a ba bare wannan kujera. Jarin gidan Strauss na farko amana ce tsakanin 'yan uba da suruki.

An gwada wannan amana a watan Satumba na 1857, lokacin da guguwa ta nutsar da jirgin Central America a tekun Atlantika da ɗaruruwan mutane da tarin zinaren Kalifoniya. A cikin zinaren akwai na sama da dala 76,000 da Levi ya aika wa yayyensa. Asara irin wannan ta isa ta rusa kamfani, ta kuma raba zumunci. Ba ta yi ko ɗaya ba. Zuwa 1863 reshen ya koma amsa sunan Levi Strauss & Co., a 1866 kuma ya koma babban gini a titin Battery.

Labarin tamfol ɗin nan, wai ya zo da shi don yin tanti sai ya mayar da shi wando, ƙagagge ne, masu binciken tarihin kamfanin da kansu sun yi watsi da shi. Levi ba tela ba ne. Ya shafe kusan shekara ashirin yana sari, ya zama attajiri sananne a birnin, kafin maganar wandon ta zo, kuma daga hannun wani ta zo.

Telan Reno

Jacob Davis shi ma Bayahude ne ɗan ƙaura, an haife shi a Riga a 1831, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Ya shiga Amurka a 1854, ya yi ta yawon neman sa'a daga gari zuwa gari har cikin Kanada, sana'o'i suna karye masa, kafin ya zauna a Reno ta jihar Nevada yana ɗinka tanti da bargon dawaki. A wajen Levi yake sarin yadi. Wata rana wata mata ta zo neman wando mai ƙwari ga mijinta mai saran itace. Davis ya ɗinka, sannan ya ɗauki 'yan ƙusoshin jan ƙarfe da yake danne maɗaurin bargon dawaki da su, ya buga a kusurwoyin aljihu da sauran wuraren da wando ke fara yagewa. Ya sayar a kan dala 3. Kafin shekara biyu ya sayar da wajen 200, wasu teloli har sun fara kwaikwayo.

Yana so ya yi wa dabarar rajista don ta zama mallakinsa, amma kuɗin rajistar dala 68 ya yi masa nauyi, ga iyali da yawa. A 1872 ya rubuta wa Levi wasiƙa yana neman ya biya kuɗin su raba haƙƙin. Levi ya amince. Ranar 20 ga Mayu, 1873, gwamnatin Amurka ta ba su takardar mallakar fasaha mai lamba 139,121. Davis ya kwaso iyalinsa zuwa San Francisco ya zama mai kula da ɗinki, yadin denim mai rinin shuni kuma ana kawo shi daga masaƙar Amoskeag a jihar New Hampshire. Tambarin dawaki biyu masu jan wando ya zo a 1886, lambar 501 da ake kiran samfurin wandon da ita kuma a 1890, shekarar da wa'adin mallakar ya ƙare kowa ya sami damar buga ƙusa a wandonsa.

Abin da nake yabawa a nan shi ne Levi yana da ƙarfin da zai iya ɗauke dabarar talakan tela ya bar shi da cizon yatsa, bai yi ba. Sunan Davis yana kan takardar, ya kuma ci gaba da aiki da kamfanin har kusan rasuwarsa a 1908. Amma duniya ba ta yi masa adalci ba, domin sunan mai jari ne ya hau wandon. Zuri'arsa ta ci gaba da sana'ar: ɗansa Simon da jikansa Ben sun kafa kamfanin kayan aiki na Ben Davis a 1935.

Tabon da ba ya gogewa

Akwai ɓangaren tarihin nan da ba daɗin faɗa, kuma tsallake shi rashin gaskiya ne. A shekarun 1870 ƙiyayya ga 'yan ƙaurar Sin ta mamaye Kalifoniya. A watan Yuli na 1877 aka yi tarzoma a San Francisco aka ƙona wuraren sana'arsu, aka kashe mutane. A 1882 majalisar Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatan Sin shigowa ƙasar. A cikin wannan yanayi kamfanin Levi Strauss ya riƙa tallata kayansa da cewa farar fata ne kaɗai suka ɗinka su. Ana iya cewa tsoron masu tarzoma ne, ko neman kasuwa. Ko ma mene ne, mutumin da ya bar garinsu saboda hukuma ta ƙayyade yawan irinsa ya zo ya ci riba da rufe wa wasu baƙi ƙofa. Wannan yana damuna, kuma ba na jin sadakar da ya yi ta wanke shi daga wannan.

Sadakar kuwa ya yi ta da gaske. Yana cikin jama'ar majami'ar Emanu-El da ƙungiyar taimakon juna ta Eureka, wadda Yahudawan Jamus suka kafa don tallafa wa mabuƙatansu. A 1897 ya ɗauki nauyin guraben tallafin karatu 28 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A wasiyyarsa ya ware kaso ga gidan marayun Yahudawa da gidan tsofaffinsu, ya kuma ware wa gidajen marayu na Katolika da na Furotesta.

Yadda gidan ya miƙe ta wajen mata

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, ranar 18 ga Afrilu, 1906, girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya suka cinye hedikwatar titin Battery da masana'antun kamfanin. Takardun Levi, wasiƙunsa da littattafan ciniki na sama da shekara hamsin duk suka ƙone. Wannan giɓi ne ya ba ƙagaggun labarai irin na tamfol wurin zama. 'Ya'yan Stern suka ci gaba da biyan ma'aikata, suka ɗaga wa masu kantuna ƙafa a kan bashi, suka gina sabuwar masana'anta a titin Valencia.

Daga nan gadon ya sake bi ta wajen mace. Sigmund Stern 'ya ɗaya ya haifa, Elise. A 1914 ta auri Walter Haas, wanda mahaifinsa Abraham ya fito daga Reckendorf, wani ƙauye a wannan yanki na Bamberg. Wato jikar Fanny ta auri ɗan wani gidan da yanayi iri ɗaya ya taso daga ƙasa ɗaya. Walter ya shiga kamfanin a 1919 lokacin yana tangal-tangal, ya zama shugabansa a 1928, shi da surukinsa Daniel Koshland suka mayar da hankali kan wandon har ya zama ƙashin bayan cinikin. 'Ya'yansa Walter ƙarami da Peter suka karɓa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A zamaninsu, a farkon shekarun 1960, kamfanin ya dage cewa baƙaƙe da farare za su yi aiki a ɗaki ɗaya a masana'antarsa ta Blackstone a jihar Virginia, tun kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta tilasta haka. Idan aka ajiye wannan kusa da tallar shekarun 1880, za a ga gidan ya yi tafiya mai nisa.

Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1971, iyalin suka saye shi suka dawo da shi hannunsu a 1985 ƙarƙashin Robert Haas, ya sake shiga kasuwar a 2019. A tsakani ya rufe masana'antunsa na Amurka, na ƙarshe a San Antonio a farkon 2004, dubban ma'aikata suka rasa aiki, ɗinki ya koma ƙasashen da lada ke da araha. Sunayen gidan suna ko'ina a yankin: dandalin Stern Grove da matar Sigmund, Rosalie, ta ba birnin kyauta a 1931, da makarantar kasuwanci ta Haas a Berkeley. Daniel Lurie, wanda ya hau kujerar magajin garin San Francisco a Janairun 2025, mahaifiyarsa matar marigayi Peter Haas ce.

Waɗanda ba su fita ba

Tarihin gidan ƙaura yana da rabi na biyu, wato makomar maƙwabtan da suka zauna. Yahudawan Bavariya sun sami cikakken 'yanci a 1871, da yawa suka koma birane, suka ɗauka magana ta ƙare. Ranar 29 ga Nuwamba, 1941, gwamnatin Nazi ta loda Yahudawan Franconia wajen 1,000, har da na Bamberg da Würzburg, a jirgin ƙasa daga Nuremberg zuwa wani sansani a gefen Riga, garin da aka haifi Jacob Davis. Kaɗan ƙwarai suka tsira da rai. Ba na cewa dokar 1813 ta yi wa gidan Strauss alheri, zalunci sunansa zalunci. Abin da ya faru shi ne jikokin Rebecca suna can wata nahiya lokacin da wannan bala'i ya auka wa jikokin maƙwabtanta.

A Buttenheim babu sauran al'ummar Yahudawa da za ta riƙe tarihin, har garin ya manta cewa ya haifi Levi Strauss. Sai a 1983 wata wasiƙa ta zo daga birnin Milwaukee na Amurka, daga masu shirya bikin al'adun Jamusawa, ana tambayar ko gaskiya ne a nan aka haife shi. Aka shiga rumbunan adana takardu na yankin, aka sami rajistar haihuwarsa da takardun neman izinin ƙaura. Abin da gobarar San Francisco ta shafe daga ɓangaren Amurka ba ya dawowa, amma farkon labarin ya fito daga takardun hukumar da ta sa wa gidan ido tun daga haihuwa har fita. An kuma gano cewa gidan da aka haife shi, ginin 1687, yana nan tsaye duk da ya lalace. Hukumar garin ta saye shi a 1987, ta gyara, a shekarar 2000 ta buɗe shi a matsayin gidan tarihi. Wani sashe yana nuna tarihin wandon jins, wani kuma yana nuna rayuwar Yahudawan karkarar Franconia da dalilan da suka sa suka tashi.